Lemun Tsamin da Iya Ke Mantawa

Kakana mai gyaran agogo ne. Shekara sittin da 'yan kai ya yi a kan wannan sana'a, har ta cinye masa suna: daga yaran layi har sa'o'insa Mai-Agogo suke ce masa, mu jikoki kuma mu ce Kaka. Teburinsa yana nan a barandar gidanmu, ɗan ƙarami mai akwatin gilashi a kai, ƙafa ɗaya an ɗaure ta da waya. A aljihun teburin akwai hantsaki uku, da sukundirebobi sirara kamar tsinken sakace, da gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya, da wani gwangwani cike da agogunan da masu su ba su dawo sun karɓa ba. Wasu a cikinsu sun girme ni. Kowace safiya sai ya zazzage su a kan tsumma ya saita su ɗaya bayan ɗaya, wai kada mai abu ya zo ya tarar da abinsa a tsaye.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya fara, a shagon wani dattijo kusa da tashar mota. Shekara guda cur ya yi yana kaɗe ƙura da gashin kaza kafin a yarda ya buɗe bayan agogo. Da ya tsaya da ƙafarsa ya kama rumfa a bakin kasuwa, da ita ya yi aure, da ita ya ciyar da 'ya'ya biyar ya sa su makaranta. Da wayar hannu ta zo mutane suka daina ɗaura agogo, sai ya kwaso teburin ya dawo da shi gida. Bai taɓa cewa ya bar aiki ba. In ka tambaye shi sai ya ce ofis kawai ya canza.

Ni ce mai ajiye tarihin gidanmu. Tun ina aji biyu na sakandare na ware wani littafi mai baƙin bango, ina rubuta wa aka haifa yaushe, wa ya tashi daga wane gida ya koma wanne, wa ya rasu ranar me. Shi ya sa Kaka yake kirana Sakatariya. Kakata kuwa, wadda muke kira Iya, Manaja yake ce mata, don a cewarsa shi ɗan ƙwadago ne kawai a gidan. Iya ta rasu shekara biyu da wata huɗu kafin abin da zan faɗa, Allah ya jiƙanta. Ban ga hawayen Kaka a lokacin ba. Abin da na lura kawai shi ne ya daina zama a kujerar da ke fuskantar ƙofar kicin, ya juya teburinsa yana kallon titi.

Abin ya faro ne daga haƙori. Kumatunsa na hagu ya kumbura, ya kwana biyu yana ce mana wai wani ƙwaro ne ya cije shi, har na matsa masa muka je asibiti. Likitar, wata matashiya mai fara'a, ta sa ɗan madubi a bakinsa ta daɗe tana dubawa. Haƙoran tauna biyu kaɗai suka rage masa masu haɗuwa da juna, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da su yake cin komai. Ta ce duka biyun sun ruɓe tun daga saiwa, babu abin yi sai cirewa. Ta rubuta maganin da zai saɓe kumburin, ta ce mu dawo ranar Litinin bayan sati uku.

"Kada ka damu, Baba," in ji ta. "Za a yi maka na roba, sun ma fi waɗannan kyau."

"'Yata, na roba na ɗaukar hoto ne. Na ga na marigayi abokina tela. In zai ci abinci sai ya cire su ya sa a aljihu."

A mota, da muka kusa sauka, ya juyo gare ni.

"Sakatariya, rubuta."

"Ban zo da littafi ba, Kaka."

"To rubuta a ka. Kafin yarinyar nan ta kwashe min kayan aiki, ina so in ci kantun riɗi."

"Wannan ai mai sauƙi ne. In mun sauka sai in shiga kanti in sayo maka."

"Na ce miki ina neman abin liƙe takalmi ne? Na Manaja nake so."

Duk wanda ya taɓa cin kantun Iya ya san abin da yake nufi. Kantu dai riɗi ne da sukari, ba wani abu ba. Amma nata siriri ne kamar murfin gwangwani, in ka ɗaga shi a rana haske yana ratsa shi. Ba ya danƙo, ba ya kama haƙori. In ka gatsa sai ya ce ƙaras, wanda ke baranda ya jiyo daga ɗaki. Ba ta sayarwa. Asabar ɗin farkon wata take yi, a cika gwangwani biyu, ɗaya na 'yan gida, ɗaya na duk wanda ƙafarsa ta kawo shi.

Aikin na mutum biyu ne, kuma tun suna sababbin aure suka raba shi. Iya ce mai wanke riɗi, ta rege tsakuwa, ta shanya a faranti, ta soya shi a busasshen kasko har ya fara tsalle yana ƙamshi. Kaka kuma a wajen ƙofar kicin yake kafa nasa teburin. Shi ne mai shafa wa tire mai, ya wanke kwalba ya goge ta tas, ya wasa wuƙa, ya ajiye rularsa ta ƙarfe a gefe. Da ta fito da tukunya ta juye haɗin mai zafi a tire, shi zai murza da kwalba har ya baje, ya ɗora rula ya yanka tun bai daskare ba. Minti biyu ne tsakanin yanka da makara, in ji shi, kuma bai taɓa makara ba. Yankan nasa kamar na inji, ba guntun da ya fi ɗan'uwansa.

Abu ɗaya ne kullum ke faruwa a tsakiyar aikin. Da an gama suyar riɗi an auna sukari, sai Iya ta dafe kai ta ce, "Af, lemun tsami." Kaka ya ajiye kwalba ya ce, "Manaja, yau ma?" Ya zura takalmi ya nufi wajen mai kayan miya da ke kwanar layi. In ya dawo ya yi sallama, ya miƙa mata lemun ta ƙofa, ta karɓa ta ce ya tsaya gaban tirensa. Kafin ya gama naɗe hannun riga ta fito da tukunya. Shekara arba'in da shida ana haka. Har ya mayar da abin na tsokana a gaban baƙi: wai matarsa ta san ranar da kowane jika ya fara tafiya, amma lemun tsami ƙwaya ɗaya ya gagare ta. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ce, "Ai shi ya sa aka ajiye ka."

Asabar ta farko bayan ganin likita muka shiga kicin ni da shi. Mahaifiyata, wadda suruka ce a gidan, ta ce ita ba ta taɓa tsayawa a kan tukunyar Iya ba, ta bar mana wurin ta koma ɗaki tana dariya ƙasa-ƙasa. Na ce ko mu kira Goggo, babbar 'yarsa da ke aure a wani gari mai nisa, tunda ita ta taso a gindin Iya.

"Shekara arba'in da shida ina kamfanin nan," in ji shi, "sai in buga waya in tambayi yarinyar da ni na koya mata duba agogo? Kunna risho."

Riɗin bai ba mu wahala ba. Ya sha ganin yadda ake yi, ya san kalar da ake tsayawa, ya san ƙamshin. Da aka zo kan sukari sai ya jera agogo uku a bakin taga, wai ko ɗaya ya yi ƙarya biyu za su ba da shaida. Ya ce sukari kan dahu ne a tsawon tafiyarsa sayen lemu, kuma a lissafinsa zuwa kwanar layi da dawowa minti bakwai ne. Na ɗora tukunya, sukari ya narke, minti bakwai na cika ya raba lemun tsami biyu ya matse shi duka a ciki. Tukunya ta yi cuu, tururi ya tashi. Muka zuba riɗi, na juya, na juye a tire. Ya murza, ya yanka, layin ya tafi sak.

Da ya huce na ɗauki ɗaya zan karya, sai ya lanƙwashe kamar fata. Na sa a baki. Haƙorana na sama da na ƙasa suka manne.

"Yaya?" in ji Kaka.

Na kasa magana.

"To alhamdu lillahi. Ko ba komai mun gano maganin surutunki."

Ranar Laraba muka sake. Ya ce a kai minti goma. Ya yi duhu, ya yi ɗan ɗaci, kuma danƙon yana nan. Asabar ta biyu ya sa na ja layi a bayan littafina, muka yi tukunya uku ƙanana, kowace da nata mintunan, kamar masu gwaji a ɗakin kimiyya. Ta ƙarshe ya ce a bar ta minti goma sha huɗu. Hayaƙi ya turnuƙe kicin, mahaifiyata ta fito tana buɗe tagogi tana cewa in muna da niyyar ƙona gidan mu bari ta kwashe kayanta tukuna. A kowace tukunya, dab da za a zuba riɗi, sai Kaka ya matse lemunsa guda cur. Na taɓa tambayarsa ko bai yi yawa ba.

"Ɗaya nake sayowa, ɗaya take karɓa, kuma shi ne abu na ƙarshe da ke shiga kicin. Wannan ko a gaban alƙali zan faɗa."

Yammacin ranar ya zauna a baranda bai taɓa agogo ko ɗaya ba. Na kawo masa shayi ya bar shi ya huce. Kumburin ya saɓe, fuskarsa ta dawo daidai, amma na ga yana ta shafa gefen da harshe, kamar mai ƙirga abin da ya rage masa.

"Ina jin ƙarar a kunnena, Sakatariya," ya ce. "Ko yanzu ina jin ta. Hannuna ne bai san hanya ba."

Saura kwana tara a lokacin. Na yi kwana uku ina juya abin a raina, sannan na zagaya bayan gida wajen igiyar shanya na kira Goggo.

"Goggo, kin san yadda Iya take dafa sukarin kantu?"

"Wa ke son kantu? Ko wani ne ya fara zuwa zance ba a gaya mana ba?"

Na ba ta labari tun daga asibiti. Tana ta cewa "Allah sarki" har na iso kan lemun.

"Tsaya tukuna. Lemun da ya sayo shi yake matsawa? A ƙarshe? Duka?"

Na ce e. Goggo ta yi dariya har ta koma tari, na ji wani a can yana tambayarta ko lafiya. Da ta dawo muryarta ta sauya.

"'Yata, wannan lemun bai taɓa shiga tukunya ba. Ko sau ɗaya."

Ta ce Iya ba ta taɓa rabuwa da lemun tsami ba. Yana nan kullum a wani ɗan kwano mai murfi, a bayan galan ɗin mai. Ɗigo uku take sawa da cokali biyu na ruwa, tun farko, kafin tukunya ta hau wuta. Wanda aka matsa a ƙarshe ruwa kawai yake ƙara wa sukari, ya mayar da shi baya, shi ya sa namu yake danƙo. Asalin abin kuwa, in ji Goggo, Iya da bakinta ta gaya mata. Farkon aurensu Kaka kan tsaya mata a ka da agogo a hannu yana kiran mintuna, ita kuma ta rikice, sau biyu tana ƙona sukari. A na uku ta rasa yadda za ta yi da shi, ga kunya ba za ta ce ya fita ba, sai ta ce ta manta lemu. Yana fita ta ɗora tukunya. Yana sallama ta duba, sukari ya yi daidai, kalar zuma.

"Daga ranar shi ke nan. Fitarsa ta ɗora, sallamarsa ta zuba riɗi."

"To me ya sa ba ta taɓa gaya masa ba?"

"Kin san Baba. Ta ce in ya sani zai riƙa auna tafiyar da agogo, ya daina tsayawa gaisuwa, ya ɓata mata aiki."

"In gaya masa?"

"Wannan kuma ke kika sani. Ni dai ban kai kaina ba, tambayata aka yi."

Da safe na same shi yana saita agogunan gwangwani. Na zauna a kan tabarma kusa da ƙafarsa, na fara da ba shi haƙuri a kan na kira Goggo. Ya ce dama ya sani, muryar Goggo ko a rijiya take ana ji. Sai na faɗa masa sauran, yadda aka faɗa min, ban rage ba ban ƙara ba.

Bai ɗago ba. Agogon da ke hannunsa ya ci gaba da murɗawa har na ji tsoron zai tsinke masa wani abu a ciki.

"A bayan galan ɗin mai," ya ce.

"Haka ta ce."

"Ni nake ɗaga galan ɗin nan in ya cika. Ni nake kai mata shi."

Ya juya agogon a tafin hannunsa, ya ci gaba.

"Har cikin ruwan sama na taɓa fita. Akwai ranar da mai kayan miya bai fito ba, na wuce har bakin kasuwa, na dawo na tarar tana fushi. Na ɗauka don na daɗe ne." Ya ɗan yi dariya ta hanci. "Ashe sukari na ƙona mata."

Ya ajiye agogon, ya ɗauki wani, ya sake ajiyewa.

"Kuma ina ta faɗa a gaban mutane wai tana da mantuwa. Tana zaune tana jina."

"Ai dariya take yi, Kaka."

"Dole ta yi dariya. Ta samu ɗan aike na kyauta." Ya cire gilashin idonsa ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. "To lemun da nake kawowa, ina take kai shi?"

"Goggo ta ce a shayinka na yamma take matsawa."

Ya gyaɗa kai a hankali. Da na miƙe zan tafi ya tsayar da ni.

"Ranar Asabar ke za ki tsaya a kan tukunya. Ni zan koma bakin aikina."

Asabar ta zo, saura kwana biyu. Na wanke riɗi tun da hantsi na shanya, na soya shi da azahar. Kaka ya kafa teburinsa a wajen ƙofar kicin, ya shafa mai, ya goge kwalba, ya jera wuƙa da rula. Sannan ya kwance agogon hannunsa ya ajiye a kan tebur. Tunda nake ban taɓa ganin wuyan hannun nan ba agogo ba. Fatar wurin ta fi sauran haske, kamar an zana masa zobe.

Na auna sukari a tukunya, na sa ruwa cokali biyu da ɗigo uku. Ya tsaya a bakin ƙofa, takalmi a ƙafa, sanda a hannu, bai tafi ba.

"Ba za ki ce komai ba?"

Sai na gane abin da yake jira. Na ce, "Af, lemun tsami."

Ya buɗe baki zai amsa, ya rufe. Ya juya ya fita.

Na ɗora tukunya. Goggo ta ce kada in sa cokali, in dai riƙa karkaɗa tukunyar a hankali. Sukari ya jiƙe, ya fara tafasa daga gefe, ya yi kumfa manya-manya, kumfar ta koma ƙanana. Ya yi fari tas kamar gilashi. Can sai gefe ɗaya ya ɗauki kalar ciyawa busasshiya, kalar ta fara yaɗuwa. Na kasa kunne. Ba motsin sanda, ba sallama. Ƙamshi ya fara sauyawa, na san saura ƙiris ya kai, daga nan kuma saura ƙiris ya wuce.

Hannuna ya kai kan risho na rage lagwani, na ja tukunyar gefe ta yadda rabinta kaɗai ke kan wuta. Ina tsugune ina riƙe da ita sai abin ya faɗo min. Mutumin da ya fara zuwa sayen lemu yana ɗan shekara ashirin da takwas ba shi ne mai zuwa yana saba'in da huɗu ba. A tsakani ya yi ciwon gwiwa, ya fara riƙe sanda, abokan gaisuwa sun ƙaru sun ragu. Ba yadda za a yi tsawon tafiyar ya tsaya yadda yake shekara arba'in da shida. Ashe ita ce take rage wuta. Tana tsugune a nan inda nake, tana jan tukunya gefe, tana sauraron ƙofa, ba ta zuba riɗi sai ta ji muryarsa. Wannan ban gaya wa Kaka ba, ban ma gaya wa Goggo ba.

Na ƙara rage lagwani har wutar ta kusa mutuwa. Sukari ya tsaya a kalar zuma, yana ɗan motsi. Sannan na ji sanda a kan siminti, na ji sallama.

Na amsa, na zuba riɗi, na juya da sauri. Hannu ya shigo ta ƙofa da lemun tsami ƙwaya ɗaya, na karɓa na ajiye. "Tsaya gaban tirenka," na ce, na fito da tukunya. Ya murza da kwalba, daga tsakiya zuwa gefe, daga tsakiya zuwa gefe, har ana hango tire ta ƙasa. Ya ɗora rula. Wuƙa ta bi layi tara a tsaye, goma sha ɗaya a kwance. A layin ƙarshe na ji ta fara ƙara, alamar ya soma daskarewa. Ya ajiye wuƙa ya zauna, zufa tana bin wuyansa.

Muna jiran ya huce ya ce, "Shagon tela yanzu rigunan waya ake sayarwa. Mai wanki da guga ya tashi, an sa kwaɗo. A wajen famfo wani ne ban san shi ba. Da kafin in kai kwana sai na gaisa da mutum huɗu. Yau ba wanda ya tsayar da ni."

"Amma ka daɗe, Kaka."

"Na tsaya a ƙofar kowa."

Da tire ya yi sanyi na ɓamɓaro ɗaya na karya da yatsu. Ya ce ƙaras. Mahaifiyata ta leƙo daga ɗaki. Na miƙa wa Kaka rabin, ya karɓa ya ɗaga shi sama ya duba ta cikinsa, ya juya shi gaba da baya. Bai kai baki ba. Ya zaɓi guda uku daga tsakiyar tire, ya naɗe a hankici, ya sa a aljihun gaba.

"Ba za ka ɗanɗana ba?"

"Ba yau ba."

Ranar Lahadi ma bai ci ba. 'Yan gida suka ci, kowa ya ce ya yi, mahaifina ya cinye guda bakwai a tsaye, ya shige ɗaki. Kaka yana ji yana gani, lokaci-lokaci ya dafa aljihu.

Ranar Litinin muka isa asibiti da wuri. Dogon benci ne a wani siririn lungu mai warin magani, mutane a jere kowa ya dafe kumatu. Mu ne na huɗu. Aka kira na farko, aka kira na biyu. Da na uku ya shiga sai Kaka ya fito da hankici ya warware a kan gwiwa.

"Kaka, a nan?"

"A nan za a rabu, ai a nan ya kamata a yi sallama."

Ya ɗauki ɗaya, ya yi bismilla, ya kai shi can gefen hagu, ya saita shi da yatsa kamar yadda yake saita ƙaramin ƙarfe a cikin agogo. Ya gatsa. Ƙarar ta cika lungun. Wani mutum da ke kusa da shi, fuska a kumbure, ya runtse ido ya kau da kai.

"Baba, ka ji tsoron Allah mana. A gabanmu?"

Kaka bai ji shi ba. Idonsa a rufe yake tauna, a hankali, ba ya son ya ƙare. Na jira har ya haɗiye.

"Shi ne?"

"Ƙarar dai ita ce."

"Ɗanɗanon fa?"

Ya ɗauki na biyu ya ci, wannan karon ido a buɗe, yana kallon bangon da ke gabansa.

"Na ɗauka da na sa a baki zan gane," ya ce. "Shekara biyu ina cewa in na ji shi zan gane. Yana da daɗi, Sakatariya, hannunki ya yi. Amma ko shi ne, ko ba shi ba ne, wallahi ban sani ba. Na neme shi a bakina ban same shi ba."

Na kaɗe masa riɗin da ya maƙale a gemu.

Ƙofa ta buɗe, wata nas ta fito da kati a hannu. Ta dube mu, ta dubi hankicin.

"Baba, kai ne na gaba. Me nake gani haka? Alewa kake ci a ƙofar likitan haƙori? Tashi ka kuskure baki, ga famfo can."

Kaka ya ɗaga na ukun ya nuna mata.

"'Yata, saura ɗaya. Ba na son in yi masa gaggawa."

Ta dubi layin mutanen da ke jira, ta sake dubansa, ya riga ya kai shi gefen hagu yana saitawa. Ta mayar da katinsa ƙasa, ta kira na bayansa.